Zuwa ga ƙawata, labarin kimo da dariyar da muke sha

Assalamu alaikum ƙawata,

Ya kike, ya yara, ya maigidan da aiki? Ina fatan kowa lafiya lau. Na saurari saƙonninki na murya a WhatsApp, na farkon ma ban gane rabin abinda kike faɗa ba dan kuka ya ci ƙarfin maganar, shi yasa nace bari in zauna in rubuto miki komai dalla-dalla ki ji daga bakina, ba daga bakin masu "ance wai" ba. Eh gaskiya ne, kansar mama ce. Na yi nisa da magani kuma alhamdulillah ina nan ina takawa da ƙafata, ina kuma dariya, dariya ta gaske irin wadda kika sanni da ita.

A wanka na fara jin abin, wani ɗan ƙululu mai tauri a gefen hagu wajen hammata, baya motsi kuma baya ciwo ko kaɗan. Wannan rashin ciwon shi ke yaudarar mata da yawa, sai mace tace ai tunda ba zafi ba komai. A asibiti aka min mamogiram, wato hoton mama, da sikanin, sannan aka sa allura aka tsakuro ɗan nama aka kai lab, likitar tace yawancin ƙululun da ake samu a mama ba kansa bane amma hannu baya iya bambancewa, sai gwaji. Nawa dai ya fito kansa, mataki na 2 cikin matakai 4. Suka ƙara duba wasu abubuwa uku a jikin naman, ko yana amsa sinadarin estrogen, ko progesterone, da wani da suke kira HER2, dan da su ake sanin wane magani zai kama shi. Nawa mai amsa homon ne, wato su estrogen ɗin nan, HER2 ɗin babu. Daga nan aka tsara min hanya, kimo wato maganin kansa da ake sawa ta jijiya, tiyata, gasa wurin da hasken na'ura, sai ƙwaya.

Kinsan abinda ya fi min nauyi a farkon nan? Fuskokin masu zuwa dubiya. Mutum zai shigo yana tafiya a hankali yana magana ƙasa-ƙasa, ya zauna yayi tagumi yana kallona, wata ma sai ta ɗauko labarin wance da tayi irin ciwon bata kai shekara ba. Na san ƙauna ce ta kawo su, Allah ya saka musu, amma suna fita sai in ji gidan ya min duhu. Wasu kuma tambaya, me kika yi, me ya jawo miki, wata har matsawa tayi da kujerarta. Ƙawata ciwon nan ba'a ɗaukarsa a wajen wani, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta tace kusan rabin masu kamuwa basu da wani dalili na musamman da ya wuce kasancewarsu mata da kuma shekaru. A 2022 kaɗai mata miliyan 2.3 aka gano suna da shi a duniya, me duk waɗannan suka yi?

Inda na samu sauƙi ba zaki yarda ba, ɗakin kimo ne. Nan ne kaɗai ba mai kallona da tausayi dan kowa da ledar ruwanta a rataye. Akwai wata dattijuwa da muke ce mata Hajiya, ita ce shugabarmu ba tare da an yi zaɓe ba. Ƙarfen nan mai taya da ake rataya ƙarin ruwa, ita angona take ce masa, wai tunda take bata taɓa samun namijin da zai raka ta har banɗaki ya tsaya shiru yana jiranta ba sai shi. In zata miƙe sai tace "tashi ango muje", nas ɗin dake neman jijiya a hannuna sai da ta ajiye kanula ta gama dariya tukun.

Maganin farko da aka fara bani doxorubicin ne haɗe da cyclophosphamide, duk bayan kwana 21, kuma kafin a fara sai da aka duba zuciyata da sikanin saboda na farkon yana iya taɓa zuciya. Jajawur yake a sirinji, kuma fitsari ma ja yake fita na kwana ɗaya ko biyu. Nas-nas suna faɗa tun kafin a sa, amma wadda ke cikin firgici ina take jin bayani. Rannan wata yarinya sabuwar zuwa, bata fi talatin ba, ta fito daga banɗaki jikinta na rawa tace jini take fitsarwa, kafin nas ta buɗe baki Hajiya ta tafa hannu tace "to 'yan uwa mun yi sabuwar mamba, ta ci jarabawar shiga ƙungiya, a bata kujera kusa dani." Yarinyar ta tsaya sororo sannan ta fashe da dariya hawaye na zuba, uwarta da ta rako ta ma haka. Tun ranar in ta zo wajen Hajiya take nufa.

Amma kar ki ɗauka kullum haka ne, ba zan miki ƙarya ba. Kwana uku zuwa huɗu bayan kimo ba kyau, tashin zuciya duk da ana bada maganinsa, baki ya yi gyambo, ruwa ma ɗanɗanon ƙarfe yake yi, ga dexamethasone ɗin da suke haɗawa yana hana bacci ki kwana ido biyu jiki a mace. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 fararen ƙwayoyin jini suke yin ƙasa sosai, garkuwar jiki ta faɗi, dole tamomita na kusa da gado dan an ja min kunne in zazzaɓi ya kai 38 to asibiti kai tsaye ko tsakar dare ne, ba zancen shan farasitamol a kwanta. Da aka koma maganin kimo na gaba, paclitaxel, kuma sai yatsun hannu da na ƙafa suka riƙa zugi da mutuwa, maɓallin riga ma sai an sa min, farce ya yi baƙi. A irin waɗannan ranakun bana dariya kuma bana tilastawa kaina. Shi yasa raina ke ɓaci in aka ce min "ki cire damuwa, farin ciki shi ne maganin ciwon nan." A'a. Ƙululun da ya ƙanƙance a sikanin, da ikon Allah jan ruwan nan ne ya ƙanƙantar da shi. Ita dariya abinda ta min shi ne, in ranar komawa ta zo gabana na faɗuwa tun daga gida, sai in tuna yau zan ji sabon labarin ango, sai ƙafar ta yi sauƙin ɗagawa. Wannan kuma ba ƙaramin abu bane dan akwai waɗanda suke gudu a tsakiyar magani su koma neman wata hanyar, in sun dawo ciwon ya riga ya bazu.

Sumata ta fara zuba kamar sati biyu da kimon farko, na tashi na ganta a kan filo, na yi kuka sosai ƙawata, kin dai san yadda nake ji da ita. Abban yara ya ɗauko kilifa ya aske min sauran a hankali bai ce komai ba, yana gamawa ya juya ya aske nasa wai dan ya taya ni. Kin tuna kansa ai, sanƙon ya riga ya cinye tsakiya tun tuni. Babbar 'yata ta leƙo ta kalle shi tace "Abba kai ai baka yi asarar komai ba." Wallahi muka kwashe da dariya mu duka har shi, ina dariya ina share hawaye. Da girar ta bi sahu kuma auta ce ta karɓi aikin zana min ita kullum da safe, tana cije harshe tana cewa "Umma kar ki motsa", kuma yadda ta zana haka nake fita abina, ko ta yi sama ko ta yi ƙasa, dan ita a wajenta aiki ne babba take yiwa Ummanta.

An cire min maman hagu gaba ɗaya da wasu kaluluwar hammata. Ranar da aka buɗe bandeji na ga wurin a shafe da dogon ɗinki, ba abin dariya a nan, na daɗe a zaune kafin in iya magana. Na dawo gida da 'yar robar nan mai janye ruwa daga ciwon, sannan aka koya min motsa hannu, ki tsaya gaban bango ki riƙa hawa da yatsu kaɗan-kaɗan dan kar kafaɗa ta sandare. Ɗana ya mayar da abin gasa, ya ɗauko fensir yana sa alama a bangon duk inda na kai yana sharhi da muryar masu gabatar da ƙwallo, "ga Umma nan, ta wuce layin jiya, zata kai, ta kai!" Ciwo nake ji amma ya zan yi in tsaya. Yanzu hannun yana miƙewa har sama, sai dai ina kiyaye shi daga yanka da ƙuna kuma a ɗayan ake min allura da awon jini, saboda kumburin hannu da kan biyo bayan cire kaluluwa.

Yanzu gashin na'urar nake yi, Litinin zuwa Juma'a na 'yan makonni. Sun sa min ɗige-ɗige a fata dan na'urar ta riƙa samun wuri ɗaya, in kwanta hannu a sama, 'yan mintuna an gama, ba'a jin komai a lokacin, sai gajiya daga baya da fatar wurin da ta yi duhu. Bayan shi tamoxifen ce kullum ƙwaya ɗaya, shekara 5 ko ma har 10, ance tana sa zafin jiki ya taso kwatsam da gumi. Suma kuma ta fara tsirowa, laushi gareta sosai, auta bata gajiya da shafawa.

Abinda nake so a wajenki, ki kira ni bidiyo da yamma ki bani labarin duniya yadda muka saba, ki tsokane ni, ki faɗa min shirmen da yaranki suka yi. In ranar ba daɗi ce zan faɗa miki gaskiya, sai ki saurare ni kawai ki min addu'a.

Sai abu na biyu wanda ba wasa a cikinsa. Hajiyar nan tamu nata ya riga ya kai ƙashi, mataki na 4, ta sani sarai, maganin da ake bata na rage masa gudu ne da rage ciwo. Ita da bakinta tace ta fi shekara tana jin ƙululun tana ɓoyewa saboda kunya da tsoron wuƙa, kuma duk wadda ta rako mara lafiya ɗakin nan sai ta kamo hannunta tace "ke kin duba naki?" To nima na kamo naki. Ki tsaya gaban madubi ki duba, ki shafa har cikin hammata, in kinga ƙululu, ko fata ta lotsa ko ta yi kauri, ko kan mama ya shige ciki, ko jini na fita, kar ki jira ya yi ciwo. Kuma tunda kin haura 40 ki tambayi likitanki zancen mamogiram ko ba kya jin komai. Ki faɗawa ƙannenki, har maigidan ma, dan maza na yi duk da kaɗan ne, kamar 1 cikin 100 na masu ciwon. In kin je ki turo min saƙo kice kin je, zan ta tambayarki har sai na ji.

Ki gaida min yara da babansu, Abban yara da su auta ma suna gaishe ki sosai.

Taki har kullum,
Ƙawarki