Laifin Dahuwa Ne, Ba Na Taliya Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rubutun da kuka buga a shafin iyali makon jiya, inda marubucin ya ce son jiki ne ya sa matan yanzu suka sakar wa Indomie ragamar gida. Malam, a yi mana adalci. Ni malamar jinya ce a Kaduna. Ranar da nake aikin yamma sai an idar da isha'i nake shiga gida, ga yara uku sun zuba min ido. Wa zai ɗora sanwar tuwo a wannan lokacin?

Wuri ɗaya na yarda da shi, wato yadda muke dafa ta. A tafasa ruwa, a juye duk sinadarin cikin leda, a bar ta har ta caɓe, a fasa ƙwai a kai, shi ke nan wai an yi girki. Masu abin ba haka suke yi ba. Indomie 'yar asalin Indunusiya ce, kuma ƙanwata da ta yi karatu a Kuala Lumpur, babban birnin Maleshiya, ta ce daga Indunusiyar har Maleshiya soya taliya suke yi da nama da ganye, suna ce mata mi goreng. Ita ta koya min, ni kuma na daidaita da abin da nake samu a Kasuwar Barci.

Ranar Asabar nakan sa mai nama ya niƙa min kilo 1 na saniya, in raba gida huɗu in sa a firiza. Kashi ɗaya ya ishe mu cin dare. Ina shigowa zan ɗora ruwan taliya, gefe guda kuma kasko mai faɗi da man gyaɗa cokali 2. Sai man ya yi zafi sosai nake zuba naman, in baje shi, in cire hannuna. Nan mutane ke kuskure. Da an fara juyawa sai ya tsatso ruwa ya koma dafaffe. A bar shi minti 3 har ƙasan ya yi ja, ƙamshi ya tashi kamar an wuce ta gaban mai tsire. Sannan tafarnuwa, ɗanyar citta da attarugu su bi, sai kabeji da karas yankan siriri.

Sirrin yana cikin soya sos, baƙin ruwan nan na waken suya da aka tsima, kusan daddawar mutanen Asiya ke nan. Na Indunusiya zaƙi gare shi, don haka nake narka ɗan ɓallin mazarƙwaila a cikin cokali 3. Girkin 'yan Sin sau da yawa har da giyar shinkafa, ni lemon tsami nake matsawa, kwalbar sos ɗin ma sai na ga tambarin halal nake saye. Ranar farko na ƙara gishiri da dunƙule bisa sabo. Yara suka ture faranti, maigida bai ce komai ba, ruwa dai ya yi ta sha. Sos ɗin kansa gishiri ne, tun daga ranar ko sinadarin leda rabin guda nake sawa.

Taliyar minti 2 kawai take yi a ruwa, in tsane ta da sauran ƙarfinta, ta ƙarasa a cikin kasko. In barbaɗa lawashi da soyayyen riɗi. Minti 20 mun zauna cin abinci, kuma autana da ba ya shiri da kabeji yana cinye shi bai sani ba.

Roƙona, Edita, shafinku na girke-girke ya riƙa tunawa da masu dawowa gida a gajiye, ba kullum girkin sallah da na biki ba. Tuwo da miyar kuka kuwa suna nan, ranar Juma'a da Lahadi nake tuƙawa.

Wassalam,
Wata malamar jinya,
Tudun Wada, Kaduna