Ɗalibai masu amosanin gaɓɓai na buƙatar junansu

Malam Edita,

Ka ba mu fili mu yi magana kan ɗalibai masu amosanin gaɓɓai. Ciwon ba ya nunawa a fuska. Yaro ya tashi yatsu a sandare, maɓallin riga ya gagare shi, a aji kuma a ce lalaci ne. Daga nan damuwa ke shiga.

Makarantu su haɗa su rukuni, mutum 5 zuwa 8, zaman awa ɗaya a mako, da yamma, don sandarewar ta fi tsanani da safe. Sirrin kowa ya tsaya a ɗakin. Ban da musayar magani: methotrexate, maganin da ake ba wasu masu ciwon, sau ɗaya ake sha a mako, shansa kullum na iya kisa. Wanda baƙin cikinsa ya haura mako 2, a raka shi wurin likita.