Godiya ga shagon da ya ƙi sayar mini da kifi

Assalamu alaikum.

Na rubuto ne in yi godiya a bainar jama'a ga wani ƙaramin shagon kifin ado a nan Jidda, musamman matashin da ke tsaronsa da yamma, ɗanmu ne haifaffen nan, Hausarsa gauraye da Larabci.

Tun da yara suka ga kifaye a gidan kallon kifaye na Fakieh Aquarium suka hana ni sakat sai na sayo akwatin gilashi. Shagon da na fara zuwa, ba zan kama suna ba, a take suka haɗa mini akwati da filta mai tace ruwa da jajayen kifaye cikin leda, wai in je in zuba kawai. Ba a daɗe ba kifayen suka riƙa tasowa saman ruwa suna haki, gefen kansu ya yi jawur, suka ƙi abinci. Na koma, aka sayar mini da magani. Na sake komawa, aka ce kwanansu ne ya ƙare, in ƙaro wasu. Ƙaramar 'yata kuwa duk safiyar da aka tsamo mushe sai an sha kuka.

Da na je shagon da nake wa godiya, shi wannan yaro ko kifi bai nuna mini ba. Cewa ya yi, "Kawu, je ka ɗebo mini ruwan a gora." Da na kawo ya zuba mililita 5 a 'yar kwalba, ya ɗiga sinadari, ya girgiza, muka jira minti 5. Maimakon ruwan ya zama rawaya, sai ya koma kore, alamar akwai gubar da ake kira ammoniya. "Kawu, ruwan nan garau yake a ido, amma guba ne. Wallahi ba zan ba ka kifi ba sai ammoniya ta koma sifili."

Ya zaunar da ni ya warware mini zance. Ammoniyar daga jikin kifin take fita, da kashinsa, da ragowar abincin da ke ruɓewa a ƙasa. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu zama cikin soson filta ke mayar da ita naitirayit, shi ma guba, sannan naitiret, wanda canjin ruwa ke ragewa. Sabon akwati ba shi da su, sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. Zafin ruwa kuma ƙara wa ammoniya dafi yake, ga mu a Jidda. Ya gargaɗe ni kada in wanke soson a famfo, domin sinadarin kulorin da ke cikin ruwan famfo na kashe bakteriyar, da ruwan akwatin za a ɗauraye shi. Sai ya sa almakashi ya yanko mini tsohon soso mai ɗauke da bakteriyar daga nasa akwatin, launin ƙasa, yana ɗiga, ya ƙulle a leda. Ko riyal ɗaya ya ƙi karɓa. Sauran kifayen biyu sun miƙe bayan na rage abinci, ina canza sulusin ruwan. Allah ya saka masa da alheri, shi da maigidansa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sauran masu sana'ar. Sun san duk wannan sarai, kwalaben awon ma suna jere a kantocinsu, amma ba mai buɗe baki. Mutuwar kifin ai ciniki ce a wurinsu, gobe za ka dawo. Haka masu sayar da tsuntsaye suke, haka masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki: a karɓi kuɗinka a sallame ka, in ka yi tambaya a dube ka shekeke.