Ni na buɗe wa 'yan dubiya ƙofa

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarmu in faɗi abin da ya faru a gidanmu cikin azumin bana na 2020, don har yanzu a majalisar bakin shagona akwai masu cewa korona labarin rediyo ce, kuma nakan yi shiru in ci gaba da taka keke kamar ban san komai ba. Shirun ya ishe ni. Ni tela ne a Mabera, nan cikin Sakkwato, shekarata 23 ina ɗinki.

Lokacin da aka ce an samu wani Bature ɗan Italiya da cutar a Legas ranar 27 ga Fabrairu, dariya muka yi. Muka ce ta masu hawa jirgi ce. Da Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ya rasu ranar 17 ga Afrilu sai muka ƙara samun hujja, muka ce ka gani, manyan Abuja take ɗauka. Wani abokin sana'ata ya rantse cewa babu ƙwayar cutar da za ta rayu a zafin Sakkwato na watan Afrilu, inda rana ke wuce maki 40, har ƙarfen keke ba ya taɓuwa da azahar. Na yarda da shi domin ina son in yarda. Ko da Gwamna Tambuwal ya sanar da mutum na farko a jihar nan ranar 20 ga Afrilu, hankalina yana kan ɗinkin sallah, wanda shi ne kakar kowane tela. Abin da ka samu a wannan wata shi kake ci har damina ta yi nisa.

Tun kafin nan na aiki ƙanena Kano ya sayo min shadda da yadi a Kantin Kwari. Na san an rufe hanyoyin shiga jiha tun ƙarshen Maris, na kuma san akwai masu wucewa. Ya isa lafiya, ya yi sayayya, sai dokar kulle ta Kano ta rutsa da shi ranar 16 ga Afrilu. Ya zauna wajen wani abokinsa, su biyar a ɗaki ɗaya, a daidai kwanakin da ake ta jana'izar dattawa a birnin ba a san dalili ba. Ranar uku ga azumi ya iso gida a bayan motar kayan abinci, ta Funtuwa da Gusau da Talatar Mafara, ya yi baƙi ya yi fururu da ƙura. Muka yi murna. Babu wanda ya ce masa ya koma gefe ya yi kwana 14, ni da na aike shi ma ban ce ba. Dilar yadin na fara kwancewa.

'Yar mura yake yi, ba ta kwantar da shi ba. Abin da na tuna daga baya shi ne wani dare da buɗa-baki ya ce kunun bai da ɗanɗano, Inna ta ce tsamiyar ma ta yi yawa, shi dai santsi yake nema. Washegari ya ce ba ya jin ƙamshin turaren da ya shafa. Yau kowa ya san rashin jin ƙamshi da ɗanɗano na cikin alamomin cutar. A ranar tsokanarsa muka yi. Mu kuwa a gidanmu maza a zaure muke shan ruwa tare da Baba, faranti ɗaya, moɗa ɗaya a bakin randa, kafaɗa da kafaɗa a kan tabarma.

Ranar tara ga azumi zazzaɓi ya kama Baba. Ya haura 70, yana da hawan jini da ciwon suga. Na je kemis na karɓo maganin maleriya, aka zo gida aka yi masa allura, aka sa masa ƙarin ruwa. Zazzaɓin ya sauka ya dawo, sai tari busasshe, wanda ba ya fitar da komai.

A nan ne nake son masu karatu su tsaya da ni. Kafin la'asar ta biyu labari ya zaga cewa Baba ba ya jin daɗi. Duk wanda ya san Sakkwato ya san abin da ke biyo baya. Abokan sahunsa na masallacin unguwa suka zo, surukai suka zo, tsofaffin abokan kasuwancinsa na Kara suka zo, mata suka shiga ta cikin gida. Ɗakin Baba taga ɗaya gare shi, ita ma a rufe saboda ƙura. Kowa ya shiga sai ya ba shi hannu, ya zauna a bakin gado, a yi addu'a a shafa. Daga baya da ma'aikatan lafiya suka ce in lissafo waɗanda suka shiga ɗakin, na kai mutum 34 a kwana biyar, ban da waɗanda na manta. Ni ne a bakin ƙofa ina cewa bismillah, ku shigo, yana ciki.

Kuma na yi zato. Wannan ce maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Tun dare na uku, da na ji yadda yake jan numfashi, na haɗa tarin da dawowar ƙanena, zuciyata ta ba ni. Amma akwai ɗinkin mutane fiye da kala 60 a shagona. Na san ranar da aka ga motar ma'aikata da fararen kaya a ƙofar gidanmu, ranar kowa zai aiko a karɓar masa yadinsa. Ga kuma sunan Amanawa, inda aka ce ana killace masu cutar. Dattawanmu sun tashi sun san wurin da asibitin kutare, kuma a kunnensu a ce an kai wane Amanawa ba ƙaramar magana ba ce. Sai na ce wa kaina maleriya ce mai taurin kai.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo daga ƙauyenmu na wajen Boɗinga a rana ta uku. Tun daga zaure take faɗa: “Mi as samu Yaya kunka ɓoye mani?” Na ce Gwaggo, da kin zauna daga nan waje, ana maganar wata cuta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Wanga yaro, ni za ka hana ma ɗan'uwana? Ciki ɗaya munka fito.” Na kauce mata. Kwana biyu ta yi a ɗakin, tana yi masa fifita da mafici, tana ba shi kunu da ludayi, in ya bari ta shanye sauran bayan magariba don kada a zubar. Da za ta koma ta ba ni atamfarta ta sallah, ta ce kada in yi mata irin ɗinkin 'yan mata.

Ranar 15 ga azumi numfashin Baba ya ƙi. Ba ya iya haɗa Fatiha ba tare da ya tsaya ba. Muka ɗauke shi zuwa asibiti, likita ya tambaya ko wani ya yi tafiya a gidan, na buɗe baki zan ce a'a, ƙanena ya riga ni ya ce daga Kano ya dawo. Allah Ya yi masa albarka, ya fi ni. Aka ɗauki samfuri ta hanci, bayan kwana biyu sakamako ya fito. Aka killace Baba, aka sa masa iskar oksijin. Aka zo gida aka gwada mu. Ƙanena yana da ita, mai ɗakina tana da ita, ni ma ina da ita, ni da ko ciwon kai ban yi ba, kuma duk kwanakin nan ina shago ina auna wuyan mutane da tef, fuskata a gaban fuskarsu. Wannan shi ne abin da masu cewa “ai ni lafiyata ƙalau” ba su gane ba.

Na buga waya ƙauye na ce a kula da Gwaggo, kada a bari ta shiga mutane. Aka ce lafiyarta lau, tana ma surfe. Mako ɗaya bayan komawarta ta kwanta da zazzaɓi da tari. Ranar 26 ga azumi ta rasu. Ba a yi mata gwaji ba, don haka ba ta cikin kowane lissafi da NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, ta riƙa fitarwa kowane dare. A ƙauye an ce zafi ne da azumi da tsufa. An yi zaman makoki na kwana uku, gida cike, ni ina kulle a Mabera ba ni da bakin hanawa. Da na ji Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, a farkon Yunin 2020 yana cewa cikin mutum 979 da suka rasu a Kano a wancan lokaci, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona, Gwaggo na tuna. Ajali ba ya wuce lokacinsa, na yi imani da haka. Amma ni aka ba tsaron ƙofa.

Edita, abin da nake nema ba ya da yawa. Sanarwar da ake yi a rediyo tana cewa a wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20, a ba da tazarar mita biyu, a sa takunkumi, mai alamun cuta ya keɓe kansa. Duk gaskiya ne. Sai dai ban ji wanda ya taɓa kalmar dubiya ba, ita kuwa ita ce hanyar da cutar ke bi a garuruwanmu. Ba mu da gidajen rawa da jiragen ƙasa na Turai. Muna da ɗakin majiyyaci mai taga ɗaya, da ta'aziyya, da suna, kuma waɗanda suka fi kowa riƙe waɗannan su ne tsofaffi, su ne kuma cutar ta fi kayarwa. Ɗa ba ya iya ce wa gwaggonsa kada ki shiga. Na gwada, kun ji yadda muka ƙare. Amma in limamin unguwa ya faɗa bayan sallar asuba cewa a wannan lokaci dubiya daga zaure ta wadatar, ko ta waya, kuma wanda aka tsayar a ƙofa ba a wulaƙanta shi ba, to ɗan gida ya samu abin dogara. Zai ce Liman ne ya ce. Malamanmu sun fi ni sanin hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta sauka da fita daga cikinsa, da wanda ya hana a haɗa raƙuma marasa lafiya da masu lafiya, da yadda Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham ya ce daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Mun ji waɗannan a tafsirin rediyo na bana. Abin da ya rage a sauko da su daga kan iyakar jiha zuwa bakin ƙofar ɗaki. Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya yi ta kira a bi shawarar likitoci, ina roƙon hakimai da masu unguwanni su kai kiran har zaure, da sunan abin, dubiya da zaman makoki.

Sai maganar keɓewa. Mu 13 ne a gida, bayi ɗaya. Abin da muka iya shi ne muka raba buta da kwano da moɗa, masu cutar muka koma kwana a tsakar gida ɓangare guda tunda dama zafi ake, Inna da yara a ɗaya ɓangaren, aka buɗe kowace taga, na ɗinka wa kowa takunkumi mai ninki biyu da ragowar yadi. Inna ba ta kamu ba, alhamdu lillahi. Irin wannan bayani ya kamata a riƙa yi wa mutane, na gidan da suke ciki.

Abin da na ji tsoro kuwa ya faru, har ya fi. An karɓe ɗinki. Mai ga-ruwan da ya shekara yana kawo mana ruwa ya daina tsayawa a ƙofarmu, ana kuma ce mana mu yawaita wanke hannu. Yaran unguwa suka sa wa gidan suna. Maƙwabci ɗaya ne, wani ɗan kabu-kabu da ban taɓa ɗauka da muhimmanci ba, yake ajiye mana jarka huɗu da cefane a bakin zaure kullum, ya buga ƙofa ya ja da baya mu gaisa daga nesa. Duk wanda ya ga yadda aka yi da mu, in nasa ya fara tari, ɓoyewa zai yi kamar yadda na yi. Cikin mutum 34 da na lissafa, da yawa sun ƙi yarda a gwada su, wasu har yau ba sa amsa sallamata sosai, wai na ba da sunansu ga hukuma.

Mun yi sallah ranar 24 ga Mayu a kulle, muna jin kabbara daga nesa. Bayan kwana uku aka sallamo Baba, ya rame, yana tafiya yana hutawa, amma da ƙafarsa ya shigo. Ma'aikatan da suka yi jinyarsa cikin wannan zafi da waɗannan kaya, Allah Ya saka musu. Sai da ya kwana biyu Inna ta gaya masa rasuwar Gwaggo. Bai ce komai ba sai salati, can ya tambaya wa ya yi mata sallah.

Yanzu, a Yunin 2020, ana ta sassauta doka, kasuwa ta cika, takunkumi ya koma ƙarƙashin haɓa, har an sanar cewa bana babu aikin Hajji ga mutanen waje amma a majalisarmu ana nan ana musu. Na koma shago. Na sa bokiti da sabulu a ƙofa, ba na auna kowa sai da takunkumi a fuskata da tasa, wasu su yi fushi su tafi. Atamfar Gwaggo tana cikin kwaba, na yanka ban haɗa ba. 'Yarta ta ce in ɗinka mata ita daidai jikinta, na ce to, ban dai fara ba tukuna.

Wassalam.

Wani tela,
Mabera, Sakkwato.
Yuni, 2020.