Godiya ga Sashen Ƙashi da Ya Ɗora Tafin Ƙafata a Ƙasa

Zuwa ga shugaban sashen tiyatar ƙashi, da likitocinsa, da ma'aikatan jinya, da masu gashin ƙashi.

Assalamu alaikum.

Yaba kyauta tukwici, shi ya sa na ga gara in yi wannan godiya a bainar jama'a.

Da murɗaɗɗiyar ƙafa aka haife ni, ta hagu. Shekara 27 ina taka gefenta, har wurin ya yi kanta kamar gwiwar raƙumi, tafin kuwa yana kallon ɗaya ƙafar, fatarsa da laushi kamar ta jinjiri. A wurinku na fara jin cewa kusan jariri 1 cikin 1,000 haka ake haifarsa, kuma da an kai ni tun ina tsumma, da hanyar Ponseti ta wadatar: a riƙa canza siminti mako-mako, a ɗan tsaga agara, sai takalmi mai sanda. Ni na wuce nan, ƙasusuwan sun riga sun ƙosa a karkace.

Ranka ya daɗe likita, abin da ya fara sayen zuciyata shi ne ba ka yi mini romon baka ba. Ka ɗaga hoton ƙashi ka ce ƙafar za ta miƙe, amma ba za ta lanƙwasu kamar ta dama ba, za ta fi ta ƙanƙanta, sha-raɓar ma siririya za ta zauna. Ka ce tiyatar ta yini ɗaya ce, jinyar ce mai cin watanni. Haka kuwa aka yi.

Na farka na tarar da ƙafata cikin zobban ƙarfe, wayoyi sun ratsa ƙashi sun fito ta ɗaya gefen. Na'urar Ilizarov ke nan, sunan likitan da ya ƙirƙiro ta a garin Kurgan na Rasha a shekarun 1950. Aikinta a hankali ne: kimanin milimita 1 a rana, a raba gida 4, don fata da jijiyoyi su samu su bi. Ni aka damƙa wa sifana lamba 10, in riƙa murɗa notocin na'urar da kaina. Hannuna na rawa, kullum sai in rikice ko na murɗa ko ban murɗa ba. Wata Sista mai aikin dare ta ɗiga jan fenti a gefe ɗaya na kowane noti, ta ce in bi ɗigon kawai. Wannan dabara ba a cikin takardar sallama take ba, amma ita ta cece ni.

Da bakin wata waya ya yi ja ya fara fitar da mugunya, na kira lambar da kuka ba ni ina ɗar-ɗar, don dare ya yi. Aka ɗauka. Washegari aka wanke wurin, aka ba ni magani, ba wanda ya ɗaure mini fuska.

Masu gashin ƙashi kuwa, ku yafe mini. Na sha yi muku Allah ya isa a zuci lokacin da kuke miƙar da yatsun da suka fara ƙanƙancewa. Ku kuka koya mini hawa bene da sanda biyu, lafiyayyar ƙafa a gaba in za a hau, mai ciwo a gaba in za a sauka.

Ranar da aka fasa simintin ƙarshe, wanda aka sa mini bayan an cire na'urar, Malamin gashin ƙashi ya ce in taka. Sanyin daɓe ya ratsa tafin da bai taɓa sanin ƙasa ba, na yi tsaye na kasa magana. Bai hanzarta ni ba, kujera kawai ya jawo kusa.

Har yanzu takan kumbura da yamma, sai na ɗora ta bisa matashi, kuma ina ɗan ɗingishi. Amma makon jiya na sayi takalmi ƙafa biyu iri ɗaya, sai da na cusa auduga a bakin na hagun kafin ya zauna.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa hannuwanku albarka. Sai mun haɗu ranar dubiya ta gaba.

Naku,
Mai sifana lamba 10