Amsa ga ɗan'uwan da ya tambaya ko Allah ne ya aiko maharan

Ɗan'uwa cikin Almasihu,

Gaisuwa da fatan alheri. A taron matasa ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni: tunda Allah ke mulkin komai, shi ne ya aiko maharan da suka ƙone ƙauyenku? In kuwa nufinsa ne, don me ake cewa ku kai ƙara? A bainar jama'a ka yi tambaya, a nan zan ba ka amsa.

Ka ɗauki littafin Habakuk ka karanta shi a zama ɗaya. Surori 3 ne gaba ɗaya, ayoyi 56, ba zai ci maka rabin awa ba. Amma ka bi shi daga fari, domin mutane da yawa kan tsallake zuwa waƙar ƙarshe su bar gardamar da ta haife ta. Annabin ya fara da kuka cewa shari'a ta mutu a Yahuza, mugu ya kewaye adali. Allah ya amsa masa cewa zai ta da Kaldiyawa, wato mutanen Babila. Sai Habakuk ya ƙara rikicewa, ya ce a 1:13: idanunka sun fi ƙarfin kallon mugunta saboda tsarki, yaya za ka yi shiru mugu na haɗiye wanda ya fi shi gaskiya? Allah bai tsawata masa ba. Saboda haka duk wanda ya ce maka tambayarka saɓo ce, bai karanta wurin ba.

Babila ta ci Masar a Karkemish a shekara ta 605 kafin haihuwar Almasihu, ta rushe Urushalima da Haikali a 586. Wannan bai faru a bayan idon Allah ba, shi ya faɗa tun kafin a yi. Amma dubi sura ta 2, inda aka yi wa wannan Babilar kaito har sau biyar: don wawashe dukiyar mutane, don gina gida da ƙazamar riba, don kafa birni da jini, don shayar da maƙwabci a tozarta shi, da bautar gumaka. Aya ta 11 ta ce dutsen da ke jikin bango zai yi kuka, azara ta amsa masa daga rufi. Gidan da aka gina da kuɗin fansa, kayan gininsa ma shaidu ne. A 539 Babila ta faɗa hannun Sairus sarkin Farisa, shekara 47 bayan rushe Urushalima. Da yawa cikin waɗanda suka yi kuka ba su kai ranar ba, kuma ba zan ɓoye maka wannan don in sanyaya maka rai ba.

Ga amsata kai tsaye: maharan ba su fita daga ƙarƙashin ikon Allah ba, amma muguntar tasu ce, su za su amsa ta. Yaƙub 1:13 ya ce Allah ba ya jarabtar kowa da mugunta. Bitrus ma a ranar Fentikos ya haɗa biyun a aya guda (Ayyukan Manzanni 2:23): bisa shirin Allah aka ba da Yesu, amma ku kuka kashe shi ta hannun mugaye.

Inda muke yin ɓarna shi ne gidan makoki. A shiga, kafin a gama gaisuwa, a ce wa gwauruwa "nufin Allah ne, ki yi haƙuri". An ɗauki ikonsa an yar da tsarkinsa, ita kuwa abin da kunnenta ya ji shi ne Allah na tare da makasan. Wasu kuma su ce hukunci ne saboda zunubin ƙauyen. Yesu ya rufe wannan ƙofa a Luka 13, da ya yi maganar mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa: ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba.

Batun ƙara kuwa, ka kai. Romawa 12:19 ta hana ka ramuwa, Romawa 13:4 ta ɗora takobin a hannun hukuma, kuma jere suke ba don banza ba. Bulus da ya rubuta su, da aka yi masa bulala a Filibi ba shari'a, ya ƙi fita a ɓoye sai da mahukunta suka zo da kansu. Daga baya ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar.

Ku rubuta rana da lokacin harin, sunayen waɗanda aka kashe ko aka sace, adadin gidaje, rumbuna da dabbobi. Ku ɗauki hoto kafin a share toka. Kowane zargi ya tsaya a kan shaidu biyu ko uku, kamar yadda Maimaitawar Shari'a 19:15 ta ce, kuma wanda ya gani da ido daban, wanda ya ji a bakin wani daban. Kada a sa sunan ƙabila ko addini a inda ya kamata a sa sunan mai laifi, domin nan ne mai neman adalci kan koma azzalumi. Ku kai wa 'yan sanda da hakimi, ku karɓi shaidar cewa an karɓa, dattawan ikkilisiya kuma su ajiye kwafi guda.

Naka cikin Ubangiji,
Malamin Littafi Mai Tsarki