Ajiwa ba ruwan famfo kaɗai ba ce

Malam Edita, assalamu alaikum. A ba ni ɗan fili in yi wa 'yan birnin Katsina tuni. Muna shan ruwan dam ɗin Ajiwa, amma mutum nawa suka taɓa lekawa? Ranar Asabar na kai jikokina biyu can ƙasar Batagarawa, inda aka datse kogin Tagwai. Masunta na jefa birgi daga kwalekwale, masu noman rani na ban ruwan albasa da tumatir. Ƙaramin, wanda waya ba ta barin hannunsa, sai ga shi yana korar balbela har laka ta cinye masa takalmi ɗaya. Tarwaɗar da muka sayo kuwa, kakarsu ta ce kuɗin mota ya fita.

Naka,
Tsohon malamin makaranta, Ƙofar Sauri, Katsina